Dokin Ƙofar Baya

A asibitin haihuwa na unguwar nan ba a mutuwa. Ba ni na faɗa ba, a rubuce yake. Da ka shigo ta ƙofar gaba za ka ci karo da wani ƙaton allo kore, an rubuta masa da farin fenti: KWANAKIN DA AKA YI BA A RASA UWA BA A WANNAN ASIBITI. A ƙarƙashin rubutun akwai ƙusoshi uku, a kansu ake rataya lambobin da aka yanka da gwangwani. Kullum da safe, kafin a buɗe tagar yankar kati, wata mai shara takan jingine tsintsiyarta, ta hau benci, ta ƙara kwana ɗaya. Shi ya sa sunanta na yanka ya ɓata, kowa sai Iya Allo.

Gajeriya ce, kakkaura, damatsanta kamar na namiji. Shekara goma sha tara tana wanke jinin mata a ɗakin haihuwa, har hancinta ya daina jin ƙarni. Bakinta kuwa, Allah ya raba ka da shi. In mai naƙuda ta cika ihu, sai Iya ta dogara da sandar mofa ta ce, "Yi mana shiru! Ranar da kike jin daɗin abin kin kira ni?" Nas-nas su yi ta dariya, ita kuma ta ci gaba da goge ƙasa tana ƙunƙuni.

Allon nan Hukumar Lafiya ce ta kawo shi, kuma ba shi kaɗai ya zo ba. An haɗo da kwalbar ɗumama jarirai bakwaini, da firjin ajiye jini, da janareta, da motar ɗaukar marasa lafiya. Sharaɗin ɗaya ne. Asibitin da ya cika shekara ba a rasa uwa a cikinsa ba, kayan sun zama nasa har abada. Wanda ya yi rashi, lambarsa ta koma sifili, kuma a ɗauke masa abu ɗaya a kai inda aka san darajarsa. Wanda ya tsara wannan a ofis, ina jin da kyakkyawar niyya ya yi, yana zaune a ƙarƙashin fanka.

Karon farko a kwana arba'in da ɗaya allon ya faɗi. Wata mata ta jijjiga a kan gadon haihuwa, kafin a ce kwabo ta cika. Bayan kwana biyu mutanen Hukuma suka zo su huɗu. A gaban ma'aikata, a gaban masu awo, shugabansu ya wanke Sista tas, wato babbar nas mai riƙe da asibitin, mace mai furfura wadda a shekaru ta haife shi. Ya ce mata in aikin ya fi ƙarfinta ta je ta yi renon jikoki. Da za su tafi suka sa aka ciccibi firjin jini aka ɗora a bayan motarsu. Sista ta shiga ofis ta rufe ƙofa, aka jiyo tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Aka sake ƙirga daga ɗaya. A kwana na sittin sai ga wata da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ga motar asibiti ta tafi shan mai. Sista ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta duba matar, ta duba taga inda ake hango bayan allon. Iya na gefe da bokitinta. Babu wanda ya tambaye ta, wallahi babu. Ita ce ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Sista, ni ban yi boko ba. Amma allon cewa ya yi a wannan asibiti. Bayan katanga kuwa ai titin gwamnati ne."

Sista ta dube ta. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta takardar turawa babban asibiti, ta sa lokaci, ta buga hatimi.

Daga ranar aka samu hanya. Duk matar da aka ga alamar ta fi ƙarfinsu, sai a rubuta mata takarda, a ɗora ta a gado mai taya, a tura ta ta ƙofar baya ta jira mota a can. Ƙofar tana bayan wurin ƙona shara, tana fita wani lungu da babu kowa sai wani mai faci da tayoyinsa. Akwai bishiya guda a bakin katangar. Ma'aikata suka sa wa gindinta suna ɗakin jira. In mota ta zo da wuri, to. In ba ta zo ba, a takarda dai an sallami matar da ranta.

Turawar kuwa aikin Iya ne, don ƙofar tana da dokin ƙarfe mai tsayin taƙi guda, kuma ita kaɗai ta iya ƙetare shi da gado. Tayoyin gaba sukan haye da kansu in an zo da ƙarfi, na baya ne ke cijewa. Sai an taka sandar ƙasa da ƙafar hagu, an zura hannu biyu a ƙarƙashin wajen kai, an ɗaga an tura lokaci ɗaya. Maza biyu sun gwada sun kasa. Iya tana yi kamar tana ɗaga tabarma, kuma tana alfahari da hakan.

Mata bakwai ta fitar a shekarar. Uku sun isa babban asibiti da rai. Ɗaya ma tun a baranda ta cika, Iya ta gani sarai, ta ja mayafi ta rufe mata rabin fuska ta ƙara sauri. Matar mai facin nan ce ta lungu. Da ya taso a guje yana tambaya, Iya ta daka masa tsawa, ta ce allura aka yi mata, barci take, ya matsa ya ba ta iska. Bawan Allah ya zauna a gindin bishiya yana yi wa gawa fifita da kwali har mota ta zo. Tun daga ranar kuma in ya hango Iya ta fito zubar da shara sai ya rusuna ya gaishe ta, ya ce ba zai manta ɗawainiyar da ta yi da iyalinsa ba. Ita kuma ta amsa, ko a jikinta.

In ka tambaye ta, tana da amsa. Cewa take, "Mai mutuwa mutuwa zai yi, ciki ko waje. Jarirai nawa kwalbar nan ta raya? Ka ƙirga mini." Kuma gaskiya ne, ta raya da yawa. Abin da ya sa maganar ke da wuyar turewa ke nan.

Mutum ɗaya ce a duniya bakin Iya ke yin sanyi a kanta, Auta. 'Ya'ya biyar ta haifa, huɗu ta binne su tun suna ƙanana, wannan ce ta tsaya. Tana auren wani tela mai kunya, ga ta da cikin fari wata bakwai da 'yan kwanaki. Kullum in Iya ta tashi aiki sai ta biya ta gidansu, ta matsa mata ƙafafu, ta yi mata faɗan ɗaukar bokiti. Auta ta yi ta tsokanarta.

"Iya, ranar tawa haihuwar kar ki shigo ɗakin. Na san bakinki. Za ki ce na kira ki ranar da nake jin daɗi?"

"Ja'ira. Ke dai ki riƙe abinki sai an gama mana taron cikar shekarar allo. Ba na son hayaniya biyu."

Ranar taron ta zo. Tun kafin rana ta yi zafi Iya ta hau benci, ta rataya uku, ta rataya shida, ta rataya biyar, ta ja da baya tana kallo hannu a ƙugu. An ɗinka wa ma'aikata sababbin kaya, ita ma ta samu shuɗiya mai farin wuya. An kafa rumfuna a farfajiya, an ɗaura lasifika a jikin allon, an yi wa duwatsun bakin hanya farin fenti. An ce da ƙarfe goma sha biyu manyan Hukuma za su iso, za a miƙa wa Sista takardar mallakar kayan, kuma za a kira tsofaffin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a ba su kyauta. Kujeru ba su isa ba, sai aka tura motar asibiti can ƙarshen gari ta kwaso na haya.

Wajen ƙarfe tara Iya na goge baranda karo na uku, sai ta ɗaga kai ta ga surukinta tela ya riƙo Auta, zaninta ya jiƙe sharkaf. Mofa ta faɗi daga hannunta.

"Ke! Ba lokacinki ba ne!"

"Iya, ba ni na kira shi ba," in ji Auta, tana ƙoƙarin murmushi tana cije leɓe.

Wadda ke kan aiki a ɗakin haihuwa wata sabuwar ungozoma ce, wata huɗu da fitowarta daga makaranta. 'Yar Takarda suke ce mata, don komai sai ta ce ba haka aka koya musu ba. Iya ta fi kowa yi mata ba'a. Yau kuwa sai ga Iya tana bin ta a baya tana "'yata, 'yata," tana miƙo mata safar hannu tun ba ta tambaya ba.

Haihuwar ba ta ja ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya an samu 'ya mace, 'yar mitsitsiya, tafin hannu biyu ya ɗauke ta, kukanta kamar na 'yar kyanwa. Aka goge ta aka ruga da ita kwalba. Iya ta bi ta leƙa ta gilashi, ta ga ƙirjin yana hawa yana sauka, ta ji hawaye ya zubo mata, ta share da wuyan sabuwar riga tana zagin kanta. Ta dawo da niyyar ta ce wa Auta jaririyar hancin tela ta ɗauko.

Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙarar. Ɗis, ɗis, ɗis, a cikin robar da ke ƙarƙashin gado, sannan ɗis ɗin ya haɗe ya zama zuba. Shekara goma sha tara tana jin wannan ƙarar. Ba ta buƙatar kowa ya fassara mata.

'Yar Takarda ta riga ta yi allura, ta ɗaura ruwa a hannu biyu, ta dunƙule hannunta a kan marar Auta tana murzawa da dukkan ƙarfinta. Ta ce mahaifar ce ta saki, ta ƙi tsukewa. In ta danna sai jinin ya ragu, in ta sassauta sai ya dawo. Aka kira Sista. Ta shigo cikin fararen kaya masu kari, da hula sabuwa, ta tsaya nesa da gadon don kada ya fallatsar mata.

"Jini take buƙata," in ji 'Yar Takarda. "A kira mota. Ni zan riƙe ta a haka har ta zo, in bi su ina dannawa. In dai hannuna na kai, za ta kai."

Sista ta kira direba a waya. Ya ce yana can an loda kujeru, amma 'yan sanda sun tare babban titi saboda manyan da za su wuce, sai sun wuce za a saki hanya. Minti arba'in, in an yi sa'a. Sista ta kashe wayar. Ta dubi robar da ke ƙarƙashin gado, ta dubi fuskar Auta da ta fara yin fari, ta dubi agogon bango. Sannan ta zaro biro daga aljihun gaba.

Iya ta san biron nan. Ta zube a kan jiƙaƙƙen siminti ta kama ƙafar Sista.

"Sista, Auta ce fa. Auta ce. Ke kika yanke mata cibi da hannunki."

"Na sani, Iya. Sake mini riga."

"Ki bar ta a nan a ƙarƙashin fanka, yarinyar nan na riƙe da ita. Minti arba'in ne kawai. Don girman Allah. Ban taɓa roƙonki komai ba."

"In ta kai minti arba'in ɗin," in ji Sista, ba ta ɗaga kai daga rubutu ba. Muryarta ba ta da faɗa, a gajiye take. "In ba ta kai ba fa? Suna shigowa da masu ɗaukar hoto, ɗakin nan za su fara dubawa. Ki tashi. Ke kika fi kowa sanin yadda muke yi."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Iya ta saki ƙafar Sista, ta miƙe.

'Yar Takarda ta ce ita ba za ta cire hannunta ba, ko za a kore ta. Ta ce za ta bi gadon har lungun. Kamar da gayya, sai ihu ya tashi daga gado na biyu a bayan labule, wata mai naƙuda kan ɗa ya fito, ga sauran nas-nas duk an jera su a farfajiya suna gwajin waƙar maraba. Sista ta nuna labulen da biro, ta ce, "Waccan kuma ki bar wa wa?" Yarinyar ta tsaya tana duban nan tana duban can, hawaye na zuba. Sai ta fizgo hannuwan Iya ta ɗora su a inda nata suke.

"Nan, Iya. Kin ji wani abu kamar ƙwallo? Ki murza shi, ki danna ƙasa. Kar ki ɗaga. Ko me za a yi kar ki ɗaga. Ina gamawa zan zo."

Haka aka fita. Tela yana ja ta gaba, Iya na tafe a gefe a sunkuye, hannu biyu a marar 'yarta, ledojin ruwa na lilo a jikin sanda. Suka bi bayan ɗakin magani, suka wuce wurin ƙona shara da ke hayaƙi. Iya ta sha bin hanyar nan, amma ba ta taɓa lura da tsawonta ba, ba ta kuma taɓa lura da yadda kowane rami ke girgiza wadda ke kwance ba.

"Ina za mu, Iya?" in ji Auta. Muryarta ta yi siririya.

"Mota za mu jira."

Auta ta juya ido ta ga katanga, ta ga saman bishiyar. A gidan uwarta ta girma, ta sha jin hirar aiki.

"Ɗakin jira za ki kai ni?"

"Rufe mini baki. Kin cika surutu."

A bakin ƙofa tela ya ja da ƙarfi, tayoyin gaba suka haye dokin ƙarfen, na baya suka cije. Ya ja, ya sake ja, gadon ya yi ƙara ya tsaya. Ƙafafun Auta suna lungu, kanta yana cikin asibiti. Tela ya zagayo zai ɗaga, ya kama inda ba a kamawa, gadon ya karkata har ledar ruwa ta kusa faɗuwa.

"Iya, yaya ake yi?"

Ta san yadda ake yi. Amma yin sa hannu biyu yake so, kuma hannuwanta biyu suna da aiki.

"Bar shi haka. Ruga ka nemo mota. Kowace iri ce, ko ta ɗaukar yashi. Ruga!"

Ya zubar da takalmansa ya ruga. Sai dai lungun bakinsa ɗaya ne, kuma a babban titin da aka tare yake fita.

Aka bar su su biyu. Rana ta take, inuwar bishiyar ba ta kawo bakin ƙofa ba. Iya ta karkata jikinta ta kare wa Auta fuska, tana murzawa, tana dannawa. Damatsan nan da take taƙama da su suka fara rawa. Gumi na shiga mata ido ba halin sharewa. A ƙarƙashin gadon ƙasa ta fara yin duhu, ƙudaje suka taso daga wurin shara.

Can sai aka ji jiniya, aka ji tafi, lasifika ta yi ƙara ta gyara murya. 'Yan mata suka fara waƙar maraba.

"Iya, mace ce ko?"

"Mace ce. Hancin ubanta ta kwaso, mummuna."

Auta ta yi 'yar dariya da ba ta fito ba. "Tana numfashi?"

"Tana yi. Tana cikin kwalba, ta fi ki jin daɗi."

"Ina jin sanyi."

Iya ta dubi mayafinta da ke kafaɗa. Ba ta da hannun da za ta cire shi. Ta sunkuya ta kama shi da haƙori, ta ja, ya zame ya faɗi a kan ƙirjin Auta a cukurkuɗe. Iyakar abin da ta iya ke nan.

A lasifika wani mai murya mai kauri yana cewa wannan asibiti abin koyi ne. Ya ce a da mata suna mutuwa kamar kaji, amma da aka sa ido, aka sa doka, ga sakamako kowa na gani. Ya ce a tafa wa Sista. Aka tafa, aka daɗe ana tafawa.

Iya ta yi ta kiran 'Yar Takarda har muryarta ta dushe, lasifika ta danne. Ta kira Allah da duk sunan da ta sani. Ta yi alkawura. Ta tuna mata bakwai, ɗaya bayan ɗaya, har da kalar zannuwansu, ita da ta ɗauka ta manta. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta ce wa Auta ta yi magana, ta zage ta ma in tana so. Auta ta motsa leɓe. Daga baya ta daina.

Iya ba ta ɗaga hannu ba. Ta ci gaba da murzawa, ko da ta ji jinin ya tsaya da kansa, ko da ta san abin da tsayawar ke nufi. Tana cikin haka ta ji inuwar mutum a kanta. Mai faci ne, ya baro tayoyinsa, yana riƙe da kwali.

"Sannu, Iya. Allura aka yi mata? Barci take?"

Ta ɗaga kai ta dube shi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma har ta mutu ba za ta san ko da zuciya ɗaya ya tambaya ba. Ya matso ya fara yi wa Auta fifita a hankali.

A haka Sista ta same su. Ta zo da sauri tana ɗage riga daga hayaƙin shara, da fure a maƙale a ƙirjinta. Ta kama wuyan hannun Auta, ta taɓa gefen wuyanta, ta ɗaga fatar ido. Ta sauke numfashi, ta rufe idon da yatsa biyu.

"Sai haƙuri, Iya. Allah ya ji ƙanta. Cire hannunki."

Iya ta cire. Yatsunta sun ƙage, sun ƙi miƙewa.

Sista ta ja da baya, sai a lokacin ta lura da inda tayoyin suke. Ta dubi dokin ƙofa, ta dubi kan Auta, ta waiga wajen ɗakin magani.

"Iya. Sun gama da ɗakin haihuwa. Babban ya ce sai ya ga wurin ƙona shara, yanzu za su zagayo. Ki ƙarasa da ita."

"A ciki ta mutu," in ji Iya. Muryarta ta fito a bushe. "Ki duba da idonki. A ciki 'yata ta mutu. Su zo su gani. Ni zan hau benci in sauke lambobin da hannuna."

Ta kama ƙarfen gadon ta riƙe gam. Da a ce Sista ta yi mata tsawa, ko ta yi barazanar kora, da an ga tashin hankali a wurin nan, don Iya ta kai inda ba ta tsoron kowa. Amma Sista ta san ta shekara goma sha tara. Sai ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya, daidai yadda Iya ta taɓa yi mata.

"Ki sauke. Ba zan hana ki ba. Wancan karon firji suka ɗauka, kin gani da idonki, shi ya sa yau ba mu da jinin da za mu ba ta. Wannan karon kwalba ce a kan layi, an rubuto mini tun tuni. Kin san ba sa jira, wancan karon ma da motarsu suka zo. Yarinyar nan sai ta yi wata guda a ciki kafin ta iya riƙe ɗumin jikinta. Babban asibiti kwalabensu uku, jarirai bibbiyu a kowace, wasu na ƙasa suna jira. Ni ba zan iya ɗaga gadon nan ba, ban san yadda ake yi ba. Ya rage naki."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar, Iya ta auna ta ta kowane gefe. Ta tuna ƙirjin nan da bai kai tafin hannu ba, yana hawa yana sauka a bayan gilashi.

Daga bayan ɗakin magani aka fara jin takun takalma da dariyar maza. A farfajiya kuma mai lasifika ya shiga kiran masu karɓar kyauta. Ya ce akwai wata baiwar Allah da ba ta yi boko ba, amma ita ce ta rataya kowace rana ta shekarar nan da hannunta. Iya Allo, ta fito. Ya sake kira. Mutane suka fara tafi suna waige-waige.

Iya ta warware mayafin ta shimfiɗa shi sosai, ta rufe Auta tun daga goshi har gwiwa. Ta gyara mata kai a tsakiyar matashi don kada ya bugu. Ta ce wa mai faci ya matsa gefe. Sannan ta goge hannuwanta a jikin sabuwar rigar, ta taka sandar ƙasa da ƙafar hagu, ta zura hannu biyu a ƙarƙashin wajen kai, ta ɗaga ta tura lokaci ɗaya.

Gadon ya haye ba tare da ya girgiza ba. Sista ta jawo ƙofar ta sa sakata ta ciki.